Yadda A Ke Daidaita Garmaho Ya Fid Da Murya

Edita ya matsa mini lalle sai na rubuta wani abu a kan garmahon nan da na kawo ɗakin karatu ran nan, wanda almajirai suka kewaye suna kallo sai ka ce an kawo ɗan zaki. Waɗansunsu ba su taɓa ganin faifai yana juyawa ba, har wani ya tambaye ni inda a ke sa masa kati. To, na yarda zan rubuta, amma sai na fara ba da labarin ɓarnar da na yi, gama darasin duka daga cikinta ya fito.

Garmahon na kawuna ne, wanda ya daɗe yana aikin jirgin ƙasa nan Kafanchan. Kun sani tun wajen 1927 garin nan ya zama mahaɗar hanyoyin jirgi, ta Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos, ma'aikata kuwa suka taru daga ko'ina, kowa da irin kiɗan garinsu. A zamanin nan mai albashi in ya sayi keke, abin da zai bi baya garmaho ne. Kawu ya fara da mai wani, irin wanda a ke murɗawa da hannu. Daga baya ya sayi wannan mai wuta, ƙirar Ingila, daga hannun wani abokin aikinsa da aka yi wa canjin wuri. Ba ƙaramin kaya ba ne, farantinsa kaɗai in ka ɗaga sai ka ji a kafaɗa. Da tsufa ya kama shi, ya kira ni ya ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, hannuna yana rawa. Ɗauki abin nan da fayafayan ka riƙe, amma ka riƙa zuwa kana sa mini ina ji." Na ce, "To, Kawu."

Da na kai gida na aza shi bisa teburin da na ke duba littattafan almajirai, na sa faifan Ɗan Maraya Jos, wanda Kawu ya fi so. Allura ta yi ta tsalle. Na duba cikin akwatin fayafayan na ga wani tsohon kwabo mai huji, sai na tuna muna yara mun sha ganin a na ɗora kwabo bisa kan allura don ta zauna. Na ɗora, tsalle ya tsaya, na ce na yi dabara. Na yi wajen wata guda ina sa wannan faifai kowane maraice. Sannu a hankali sai na ji kuntigin ya fara shaƙewa, muryar kuma tana zuwa da wani ƙuu a bayanta. Na ɗaga faifan a rana, na ga wuraren da a da baƙi ne wuluk sun koma toka-toka. Maimakon in zargi kaina sai na zargi kan allura, na aika Kaduna aka sayo mini sabo da kuɗi masu ciwo, na ɗaura. Murya ba ta gyaru ba sai kaɗan.

Daga nan na ɗauki abin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tasha. Bai ko dubi sabon kan da na ke alfahari da shi ba. Ya ce, "Malam, bisa me ka ajiye shi a gida?" Na gaya masa. Ya ce, "Kwabon nan fa, wa ya koya maka?" Na yi shiru. Ya ce, "Tun da kai malami ne, zauna in koya maka, in ya so ka koya wa waɗansu." Abin da zan faɗi nan gaba, rabi daga bakinsa na ji, rabi kuwa na bi littattafai na gane dalilinsa.

Bari mu fara da yadda murya ta ke zama cikin faifai. Wani Ba'amurke, Edison, shi ya fara kama murya cikin 1877, amma nasa a jikin wani abu mai kamar gwangwani ne. Berliner ya kawo faifai shimfiɗaɗɗe cikin 1887. In ka dubi faifai za ka ga kamar layuka ne da yawa, amma guda ɗaya ne tak a kowace fuska, wani siririn kwari ne wanda ya naɗe tun daga baki har ciki. In da za a warware na babban faifai a miƙe shi, da ya kusa rabin kilomita. Kwarin nan ba santal ya ke ba, yana da lanƙwasa ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, su ne muryar. Allura tana bin kwarin kamar yadda garma ke bin kwarin kunya, lanƙwasar tana kaɗa ta. A gindin allura akwai ɗan maganaɗisu kusa da naɗin waya, in ya kaɗu sai ya haifi 'yar wuta, wutar nan ce a ke ƙara wa ƙarfi har ta fito daga lasifika.

To, ku riƙe wannan da kyau: allura ba ta da hankali. Ba ta san wane motsi ne na Ɗan Maraya ba, wane ne na tebur, wane ne na ƙura. Duk abin da ya kaɗa ta, murya ne a wurinta. Saboda haka daidaita garmaho ba kome ba ne sai ka hana kowane motsi isa ga allura, ban da wanda ke cikin kwari.

Shi ya sa dattijon nan ya fara da mazauni. Teburina ƙafarsa guda ta fi sauran gajarta, ya karkace, ga shi kuma bisa shi ɗin na jera lasifiku biyu. Karkatar ita ce ta sa allura tsalle tun farko, lasifikun kuwa in sun yi ƙara sai su girgiza tebur, tebur ya girgiza allura, allura ta mai da girgizar cikin lasifika, abu ya yi ta zagawa har murya ta dagule. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Ka ari lebur wurin magini, ka aza shi bisa farantin kansa, ba bisa tebur ba, ka duba gaba da baya, sa'an nan dama da hagu, kana cusa 'yan takardu ƙarƙashin ƙafafu har ɗigon ya tsaya a tsakiya. Lasifika kuwa a sauke ta, a ba ta nata wuri. Ni daga baya na sa kafinta ya kafa mini katako mai kauri a jikin bango, na aza falalen dutse bisa, irin wanda ba a rasa ba a ƙasar nan tamu ta duwatsu. Yanzu ko yara na guje-guje a ɗaki allura ba ta sani ba.

Sai gudun faranti. Fayafayai iri uku ne. Akwai tsoho mai nauyi mai fashewa, wanda ke juyi 78 cikin minti ɗaya. Akwai babban na roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka cikin 1948, da ƙarami mai juyi 45, wanda RCA Victor ya fitar cikin 1949. In faranti ya yi sauri, muryar namiji sai ta sirance, in ya yi nawa sai ta yi kauri kamar mai mura. Awon gudu lissafi ne na 'yan firamare. Juyi 33 da sulusi sau uku, 100 ke nan. Saboda haka ka ɗiga alli a gefen faranti, ka sa faifai, ka saukar da allura, ka riƙe agogo, ka ƙidaya juyi 100. In minti 3 cif suka ɗauka, gudu ya yi daidai. In an sami bambancin daƙiƙa biyu, kuskuren ya kai wajen ɗaya cikin ɗari, mai kunne zai iya ji.

Akwai wata hanya mai ban sha'awa wadda na ke so malaman kimiyya su gwada da ajinsu. Wutar lantarkin ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa, saboda haka doguwar fitilar nan ta kwalba, irin ta da, tana ƙyaftawa sau 100 cikin daƙiƙa, watau sau 6,000 cikin minti, ko da ya ke ido ba ya lura. Raba 6,000 da 33 da sulusi, ka sami 180. To, yanka takarda kewayayyiya, ka ja layuka 180 a gefenta, tsakanin kowane da na kusa da shi digiri 2, ka sa ta bisa faranti ƙarƙashin fitilar. In gudu daidai ne sai ka ga layukan sun tsaya cik alhali faranti yana juyawa. In suna rarrafawa gaba ya yi sauri, in baya ya yi nawa. Layuka nawa za a ja don juyi 45, nawa kuma don 78? Na bar muku wannan. Amma fa akwai tarko. Yawancin tsofaffin garmaho injinsu da bugun wutar nan ya ke tafiya. In ka kunna janareto, shi kuwa bugunsa ya kauce daga 50, to, fitila da inji tare za su kauce, layuka su tsaya cik su yi maka ƙarya. A wutar janareto agogo ne shaida.

Wannan bugun wuta shi ne ya ke ka da masu sayen garmaho na gwanjo. A Amurka bugun wutarsu 60 ne. In aka kawo irin wannan garmaho da aka ƙera dominsu, ko an sa masa taransifoma ta rage ƙarfin wuta don kada ya ƙone, taransifoma ba ta canza bugu. Sai ya yi biyar cikin shida na gudunsa, juyi 100 su ci minti 3 da daƙiƙa 36. Ba lalacewa ya yi ba, 'yar dunƙulen ƙarfen da ke bakin inji ce za a sake da wadda aka yi don bugu 50. Duba bayan akwatin tun kafin ka biya kuɗi, a rubuce ya ke.

Hanyoyin da inji ke juya faranti uku ne. Akwai mai 'yar tayar roba wadda ke shiga tsakanin inji da cikin faranti, kamar Garrard 301 na Ingila wanda ya fito cikin 1954. Akwai mai bel na roba. Akwai kuma wanda faranti ke zaune bisa injin kansa, kamar Technics SL-1200 na Japan na 1972, shi wannan da kansa ya ke tsare gudunsa, bai damu da bugun wuta ba. Na Kawu mai taya ne. Roba kuwa ba ta son zafin ƙasarmu, in ta shekara da yawa sai ta bushe ta yi ƙarfi, in kuma an bar ta a matse wuri ɗaya sai ta lotsa. Alamar wannan ita ce murya ta riƙa lilo, ko ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa tsakanin waƙa da waƙa. In za ka gwada lilo kada ka sa faifan Mamman Shata, gama kalangu da ma aikinsa ke nan, a matsa shi ya hau, a sake shi ya sauka, ba za ka rabe laifin inji da gwanintar makaɗi ba. Nemi faifan da ke da murya guda doguwa, kamar ta molon majami'a ko busar kakaki. Mu dai sabuwar taya muka sa, muka goge cikin faranti da sifirit, muka zare ƙusar tsakiya muka share tsohon mai da ya daskare, muka ɗiga man keken ɗinki. Kada mai ya taɓa roba ko kaɗan. Da muka gama, in an kashe wuta faranti ya kan daɗe yana juyi kafin ya tsaya.

Yanzu mun zo ga kwabona, watau nauyin da ke bisa allura, nan ne kuwa na ke so ku fi natsuwa. Garmaho mai wani kansa ya fi giram 100, allurarsa ta ƙarfe ce, ƙa'ida kuwa fuska guda ta ke yi a jefar. Tsofaffin fayafayai an yi su ne don su jure wannan, su ke cin allura. Daga wannan zamani ne da na ƙananan garmaho masu araha al'adar ɗora kwabo ta samo asali. Faifan roba dabam ne. Allurarsa ɗan ƙwayar daimon ce, nauyin da ta ke bukata kuwa galibi tsakanin giram ɗaya da rabi ne da giram biyu da rabi. Kwabon da na ɗora ya ninka wannan fiye da sau uku. Kada ku ce ai giram kaɗan ne. Tura tafin hannunka a jikin katako ba abin da zai faru, amma sa wannan ƙarfi a bayan ƙusa ka gani. Bakin allura ya fi na ƙusa tsini nesa ba kusa ba. Ga shi kuma tsohuwar allurar Kawu ta riga ta cinye ta yi kaifi, ta zama kurfi. Tokar da na gani a faifan nan muryar Ɗan Maraya ce da na kankare da hannuna.

Hannun garmaho na kirki sikeli ne, irin na masu sayen citta a Kachia. A bayansa akwai dunƙulen ƙarfe, shi ne dutsen awo. Ga yadda a ke yi. Kashe wuta. Murɗa dutsen baya sannu-sannu har hannu ya tsaya a sarari da kansa, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. A nan nauyi sifiri ne. Riƙe dutsen kada ya motsa, ka juya zoben lambobi da ke jikinsa shi kaɗai har sifiri ya zo bisa alama. Sa'an nan ka murɗa dutse da zobe tare, gaba, har lambar da masu ƙera kan suka faɗa. In kana da ɗan sikelin masu sayad da zinariya ka tabbatar da shi, amma lura, in farantinsa na ƙarfe ne maganaɗisu zai ja shi ya ɓata awo. In babu sikeli, ga dabarar talaka. Takardar buga rubutu da a ke kira A4, mai lamba 80 a jikin ƙunshinta, nauyin falle guda giram 5 ne, gama falle 16 ke cika murabba'in mita mai giram 80. Tsawonta ya kusa santimita 30, saboda haka in ka yanke santimita 12 ka sami giram 2. Ninke ta, ka aza rular roba bisa fensir ta tsaya daidai, takarda a wannan gefe, allura a wancan, nisansu da fensir ɗaya. Ba awon asibiti ba ne, amma zai nuna maka in ka yi nisa da hanya.

Wani abin mamaki, bayan da na ƙone da kwabo sai na koma ɗaya gefen, na rage nauyi ƙasa da ƙa'ida don tausayin faifai. Dattijon ya ce, "A'a, Malam, wannan ma ɓarna ce." Allurar da ba ta da isasshen nauyi ba ta zama cikin kwari, in kiɗa ya yi ƙarfi sai ta riƙa sakin bango tana dawowa tana sara. Ɗan ƙarin nauyi cikin ƙa'ida ya fi rashinsa. In an ce daga 1.8 zuwa 2.2, tsaya a 2 ko sama kaɗan. A nan ne faifan Shata ke da amfani: in kalangu ya buga da ƙarfi ka ji ya fito tas, ba tsatsa a bayansa, nauyi ya isa.

Bayan nauyi sai fuskar kai. Lokacin da a ke yanka faifai, wuƙar tana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Hannun garmaho kuwa a kafe ya ke wuri guda, saboda haka bakinsa baka ya ke zanawa. Baka da miƙaƙƙen layi ba su haɗuwa ko'ina, iyakar abin da za a iya shi ne a sa allura ta fuskanci kwari sosai a wuri biyu, a sauran wurare kuskuren ya zama kaɗan. Masana biyu, Löfgren cikin 1938 da Baerwald cikin 1941, sun yi lissafin, wuraren da aka fi bi kuwa su ne milimita 66 da milimita 121 daga tsakiya. Sami takardar giraf ta ɗakin lissafi, ka huda ta daidai ƙusar faranti, ka ja layi daga hudar, ka ɗiga alama a waɗannan wurare biyu. Sa allura bisa alama ta farko ka leƙa daga sama: gaban kai ya yi daidai da layin da ka ja, gefunansa kuma sun bi layukan da suka gitta shi? Juya takardar ka gwada ta biyu. In bai yi ba, sassauta kusoshin nan biyu da suka riƙe kai, ka tura shi gaba ko baya, ka ɗan karkata shi, ka sake gwadawa. Na yi yamma guda cur a kan wannan, har mai ɗakina ta tambaya ko wani abu ya faɗa ciki. Amfaninsa a waƙar ƙarshe ta kowace fuska a ke ji. A bakin faifai kwari yana wuce allura da gudun wajen santimita 50 cikin daƙiƙa, a ciki kuwa wajen 20 kaɗai, watau murya a cunkushe ta ke a can, ƙaramar karkata sai ta sa sin da tsa su riƙa fashewa. In ka taɓa kai, koma ka sake awon nauyi.

Saura ƙanana biyu. Faifai yana juyawa yana jan hannu zuwa ciki, sai allura ta fi jingina da bango guda. Tun 1958 da fayafayai masu murya biyu suka yaɗu, bangon ciki na lasifikar hagu ne, na waje na dama. Akwai ɗan maɓalli, ko zare mai ɗan nauyi, wanda ke jan hannu waje don ya rama. Sa shi bisa lambar da ka sa nauyi, in ka ji lasifikar dama tana tsatsa ka ƙara kaɗan. Na biyu, in allura tana bisa faifai, hannu ya kwanta daidai da faifan, kada gindinsa ya fi bakinsa tsawo, kuma in ka aza allura bisa madubi ka duba ta gaba, ita da inuwarta su miƙe layi ɗaya.

Wutar da kai ke haifarwa 'yar kaɗan ce, wajen kashi 5 cikin dubu na bolt guda. Har wa yau masu yanka faifai su kan rage kaurin murya su ƙara siririya da gangan, don kwari ya ƙi faɗi, bisa wata ƙa'ida da aka shirya a Amurka cikin 1954. Saboda haka tilas a sa wayar garmaho a ramin amfilifaya da aka yi dominsa, inda a ke mai da kome yadda ya ke. Amfilifayoyin yanzu da yawa ba su da ramin nan, sai an sayi ɗan akwati dabam an sa tsakani. In ba haka ba za ka ji murya can nesa, siririya, ba ganga. In kuwa ka ji lasifika tana kukan ƙudan zuma, siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure a bayan amfilifaya ba.

Duk wannan wahala banza ce in faifai da datti. Ƙasarmu tana yaƙar faifai sau biyu a shekara. Da hunturu ƙura ta sauko, iska ta bushe, faifan roba ya tara irin wutar nan da ke ƙas-ƙas in ka tuɓe rigar leda da dare, ya riƙa jawo ƙura da kansa. Da damina kuwa, ku da kanku kun san irin ruwan da a ke yi daga nan har Kagoro, fumfuna ta kama kwari, gara da kyankyaso su ci kwali. A wanke faifai da tataccen ruwan nan da a ke ƙara wa batirin mota, sabo daga kwalba, ba ruwan cikin batir ba, wanda guba ne. A sa ɗigon sabulun ruwa guda, a bi kwari da burushi mai laushi, a ɗauraye, kada takardar tsakiya ta jiƙe, a jingine shi a inuwa ya bushe. A ajiye fayafayai a tsaye kamar littattafai, nesa da taga. Rana guda cikin mota a rufe ta isa ta mai da faifai kwano. Allura kuma a share ta daga baya zuwa gaba kaɗai. Tsoho mai juyi 78 kada sifirit ya kusance shi, gama da wani irin ƙaro na ƙwari aka yi shi, sifirit yana narka shi. Kwarinsa kuma ya fi na roba faɗi wajen sau uku ko huɗu, yana da tasa allura dabam.

To, me ya cancanci kuɗi? A ganina allura ce ta fari, gama daimon ma yana cinyewa, galibi bayan awa 500 zuwa 1,000, tsohuwar da ba ka san tarihinta ba kuwa kada ka yarda da ita. Mai bakin ƙwai ta fi mai baki kewayayye shiga ƙananan lanƙwasa. Bayanta taya ko bel, sa'an nan mazauni mai nauyi, sa'an nan ɗan akwatin nan na tsakani. Sabon kai mai tsada shi ne na ƙarshe, ni kuwa da shi na fara. Ba asara na yi ba, gama da aka daidaita sauran sai ya nuna kansa, amma da ya jira. Wayoyin nan masu bakin zinariya da a ke tallarsu da tsadar akuya, na ari guda na gwada, kunnena dai bai ji bambanci ba.

Wani zai ce ina ruwan mai koyon malanta da wannan tsohon yayi, ga wayar hannu cike da waƙa? Shata ya rasu cikin 1999, Ɗan Maraya cikin 2015. Su manya ne, an kwafi nasu da yawa. Amma akwai ƙananan mawaƙa da ƙungiyoyin waƙar majami'u waɗanda muryarsu ba ta ko'ina sai cikin 'yan fayafayan da suka saura. Gobe za a tura ku Zonkwa, ko Kwoi, ko Manchok, ko wani ƙauye bayansu, za ku kuwa tarad da akwatuna irin na Kawu a ƙarƙashin gadajen tsofaffi. Hausar da ke ciki da karin maganarta kayan aji ne. In an ba ku, kada ku ɗora wa kowace allura sai kun auna. In kun daidaita kome, ku haɗa amfilifaya da kwamfuta ku kwafe tun a jin farko, ku ba mai shi nasa, faifan kuwa ya koma kwalinsa ya huta.

Da na gama gyara na ɗauko Kawu na zaunad da shi, na sa masa ɗaya fuskar faifan, wadda kwabo bai taɓa ba. Ya rufe ido yana kaɗa ƙafa, ya ce ko yana sabo bai ji shi haka ba. Sa'an nan ya ce in juya. Na juya. Ya saurara kaɗan, ya buɗe ido ya ce, "Ɗana, wannan gefen da ba haka ya ke ba." Na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, can ya ce in mai da na farin.

Garmahon zai zauna a ɗakin karatu har ƙarshen zangon nan, kowace Laraba bayan la'asar ina wurin da lebur da agogo da takardar giraf. Wanda ke da faifai a gida ya kawo, a tsaye, cikin kwalinsa. In kuwa akwai wanda ya ga irin wannan na Ɗan Maraya wurin wani tsoho, mai lafiya a fuska ta biyu, don Allah ya sanad da ni ta hannun Edita.